Shekarar da Dije Ta Yi Tsimin Magani

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a cinya, tunda kun ce aikin ba wuya. Shekaranjiya da kunnena na ji ɗayarku tana cewa wai mene ne abin wahala a ciki, ka karɓo robar magani a asibiti, ka miƙa wa mai ita, ka koma gida ka sha fura. Ban tanka ba, don bakin asibiti ba wurin faɗa ba ne. Amma maganar ta kwana biyu tana cina, shi ya sa na ce a kawo takarda a rubuta abin da zan faɗa, yadda na faɗe shi, kada wani ya gyara mini harshe. Ni ban yi boko ba. Abin da na sani, da ƙafa na tako shi.

Asalina ungozoma ce. A hannun gwaggona na koyi yankan cibi, kuma tsakanin Batsari da Safana ba ƙauyen da ban durƙusa a ɗakin mai naƙuda ba. Ina cikin wannan sana'a wani ciwo ya shigo mana. Mace ta haihu lafiya a hannuna, kafin yaye sai ka ga ta zube, wuya ya fito, zawo ba tsayawa, tari ba tsayawa. Ta tafi, ɗan ya bi ta. Wasu suka ce sammu, wasu suka ce mayu, aka yi ta hayaƙi ana hararar tsofaffi irina. Sai daga baya sunan ya iso mu, ƙanjamau. Sunan kuwa ya fi ciwon saurin kashe mutum, don ranar da aka ji shi a kanka, ranar ake ware maka ƙoƙon shan ruwa.

Aikin farko da aka ba ni, ko ƙwayar magani babu a cikinsa. Wata malamar asibiti aka turo mana daga Katsina, Malama Rabi, doguwa, ba ta da yawan dariya. Ta tara mu ungozomomi ta ce an samu maganin da ke danne ciwon nan, kyauta ake ba da shi, amma mutanen ƙauye ba sa zuwa karɓa, wasu don nisa, wasu don kunya, tana neman wadda za ta riƙa kai musu. Mu takwas muka ɗaga hannu. Ta ba kowaccenmu farar roba da tsakuwa a ciki, ta ce mu ratsa kasuwa tana ci, mu dawo mu same ta. Na ƙulle tawa a haɓar zane na shiga. Ban kai rumfar mahauta ba wata mai sayar da man gyaɗa ta ce, "Iya Tabawa, mi ke kacau-kacau a ƙugunki? Ko kin koma bori ne da tsufanki?" Na ce mata saƙon asibiti ne. Na dawo ina taƙama na kawo robata lafiya.

Malama ta ce, "Wa ya tambaye ki?" Na faɗa mata.

"Me kika ce?" Na faɗa mata.

Ta ce, "To, Iya, yau kin kashe aure ɗaya. Duk gidan da aka ga kin shiga gobe, mai man nan ta san abin da ya kai ki, kuma kafin la'asar kasuwa ta sani."

Malamar nan ba za ta girmi jikar cikina da yawa ba, amma haka na tsaya kamar an kama ni da satar gyaɗa. A cikinmu takwas, biyu ta ɗauka. Ni ta ce ta ɗauke ni ne don ban yi mata gardama ba.

Daga ranar na san kayan aikina. Kwando ne. A ƙasa robobi, kowace nannaɗe da tsumma don kada ta yi ƙara, a sama daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Wanda ya gan ni ya ga tsohuwa mai tallan kayan miya, daddawa kuwa tana da kirki, ba mai son ya tura hanci ya ga abin da ke ƙarƙashinta. Sunan da ke jikin roba ban iya karanta shi ba, sai in ɗaura wa kowace zare, ja na wane, baƙi mai ƙulli biyu na wance. Malama tana karantawa ina ɗaurawa, a gabanta, don maganin wani ba na wani ba ne ko da robar iri ɗaya ce. Sai ɗan faifai mai tsabta da cokali. Duk gidan da na shiga, kafin in ba da sabuwa sai an kawo mini tsohuwa na juye ta a faifai na ƙirga abin da ya rage, biyar-biyar. Ƙirgar nan ita ce sana'ar. Baki yana ƙarya, roba ba ta yi.

Abin da ta daɗe tana cusa mini, da na kasa ganewa sai ta ɗauko shi daga garke. Ta ce ciwon nan kamar bijimi ne mai tunkuyi. Maganin ba ya yanka shi, ɗaure shi yake yi. In kana ɗaure shi kullum, ƙwaya ɗaya, a lokaci ɗaya, sai ya kwanta har a nemi shi a jini a rasa, mutum ya yi noma, ya yi aure, mace ta haifi ɗa lafiyayye. In kuwa yau ka ɗaure gobe ka sassauta, bijimin yana kallon hannunka, wata rana zai koyi ƙullin. Ranar da ya koya, wannan igiyar ta gama amfani, sai an nemo wata, ita kuwa watar ba a kowane asibiti take ba. Na ce mata, "Da tun farko haka kika ce, da ba mu ɓata sati biyu ba."

Masu shan magani kuwa, Allah ya ba ku haƙurin zama da su. Akwai wani malamin makaranta da aka turo Safana, mai farar riga da alƙalami biyu a aljihu. Shi da kansa ya roƙi Malama a riƙa kawo masa, don kada a ga babur ɗinsa a ƙofar asibiti. Ran da na fara fito da faifaina ya ce, "Iya, bar wahalar da kanki. Ni takardar da ke ciki ma na karanta ta, da Turanci." Na ce, "Allah ya ƙara ilmi, Malam. Kawo robar." Na juye, na ƙirga, takwas suka yi rara. Ya ce ƙila asibiti ne suka zuba da yawa. Na ce asibitin da ke zuba rarar takwas daidai kowane wata, ai sai a ba su riƙon awon hatsi. Ya goge gilashinsa, sannan ya ce duk Juma'a in zai tafi gida wurin iyalinsa a ɗaki yake barin robar, kada matarsa ta gani. Asabar da Lahadi bijimi a sake. Mutum mai alƙalami biyu! Wata uku na yi ina binsa kafin ya yarda ya kai matar ita ma a gwada ta.

Wani ya ji ƙarfi ya yi huɗa kadada guda, ya ce ya warke. Wani ya ga ƙanensa na zazzaɓi ya ɗibar masa biyar, wai ba a hana ɗan'uwa magani. Wani an yi masa rubutu an ce an gama, na ce sha rubutunka, Allah ya sa albarka, amma haɗiyi wannan tukuna ina gani. Wani ya manta jiya ya haɗa biyu yau, kamar ramuwar sallah. Azumi ya zo, kowa da fatawarsa, sai na koma wurin Malama ta tsaida mana lokaci bayan buɗa baki. Wani tsoho a Babban Duhu ma, ɗan ƙullin nan da ake sakawa cikin roba don ya tsotse laima, shi ya kwance ya zuba a kunu, wai ita ce uwar maganin. Duk waɗannan na sha su na kwana lafiya. Wadda ta kusa sa in aje kwando, ba mai taurin kai ba ce. Mai biyayya ce.

Dije sunanta, Bafillatana, rugarsu a bayan Darini, suna kiwo suna noma. 'Ya'ya biyu ta binne kafin a gane ciwon a jikinta da na mijinta Sale. Tun da suka fara sha ban taɓa ƙirga robarta na samu kuskuren ƙwaya ɗaya ba. Tana idar da sallar asuba take haɗiyewa, kafin ta taɓa ƙwaryar tatsa. Sai ga ciki na uku. Malama ta ce mini, "Iya, in yarinyar nan ta riƙe yadda take riƙewa, da yardar Allah ciwon ba zai tsallaka kan ɗan ba. Wannan ɗan amana ne a kwandonki."

Shekarar kuwa ita ce shekarar da mutanen daji suka hana mu sakat. Gonakin nesa ba a nome su ba, na kusa an noma ba a girbe da daɗi ba. Sale ya kora sauran shanunsu kudu don kada a kwashe, ya tafi da nasa maganin da takardar da zai riƙa karɓa a can. Ya bar Dije da uwarsa, Inna Hawwa, tsohuwa sa'ata, wadda ba a gaya wa komai ba. Da Malama ta ga hanya ta fara lalacewa, sai ta ba ni na wata uku in kai mata gaba ɗaya. Cikin yana wata huɗu. Na ja ta bayan bukka na damƙa mata robobi uku, na riƙe hannunta na ce, "Dije, ban san ranar da zan dawo ba. Ko mi za a yi, kada ki bari maganin nan ya ƙare maki. Ranar da ya ƙare, ranar ciwo zai tashi." Ta ce, "In Allah ya yarda, Iya, ba zai ƙare ba."

Bayan sati biyu hanya ta rufe ruf. A-kori-kura ta daina zuwa, 'yan acaba ko nawa ka ba su sai su ce su ma suna da uwa. Ina Batsari ina ƙulla kwanaki a igiya. Da igiyar ta nuna saura kwana goma maganinta ya ƙare, na ce wa Malama ko a ƙafa sai na tafi. Allah ya taimaka aka ce an ɗan samu lafawa, wani direba zai gwada kai gishiri ranar kasuwa. Na hau bayan motar kan buhu da hantsi, kowa idonsa a daji. A Darini na sauka, sauran na taka.

Inna Hawwa na tarar a gindin rumbu tana gyaran tafasa. Muka gaisa, gaisuwar tsofaffi, gajiya, gida, dabbobi, labarin Sale, ya muka ji da wannan zama. Na leƙa rumbun da wutsiyar ido, na ga ƙasansa.

Ta ce, "Kin gani ko, Tabawa? Amma wallahi na yi dace da suruka. Tiyar gero ɗaya sai ta kai mu kwana biyar a hannunta. Yau tuwo, gobe kunu, jibi ruwan kunu. Ba don tsimin yarinyar nan ba da tuni kin zo gaisuwar mutuwa."

Na ce Allah ya yi mata albarka. Ban san abin da nake sa wa albarka ba.

Dije ta fito, ciki ya yi gaba, ita ta yi baya. Ta durƙusa ta gaishe ni, na ce zo in duba kwanciyar ɗan. Muka shiga bukka. Na fito da faifai, na ce kawo. A lissafina biyu su zo ba komai, ta ukun da ƙwaya goma. Ta jawo wata ƙwarya daga ƙarƙashin gado, fuskarta har haske take yi, ta aje a gabana kamar amarya ta kawo girkin farko. Roba ɗaya ko buɗe ta ba a yi ba. Ta biyu na juye, rabi. A cikin rabin kuma ga wasu an raba su biyu-biyu da wuƙa, daidai wa daida, aikin mai hankali.

Na ce, "Dije, miye wannan?"

Ta ce, "Tsimi na yi, Iya. Da na ji hanya ta rufe sai na koma yau in sha, gobe in bari. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa sai na riƙa rabawa. Yanzu ko wata uku kika ƙara ba ki zo ba, zai kai ni."

"Zai kai ki ina? Kabari?"

Ta dube ni.

Na ce, "Ke, magani gero ne? An ce maki tuwo ne da za ki tsinka shi ya zama kunu? Wata biyu kina kwance wa ciwo igiya da ɗa a cikinki, kina murna! Wa ya ce ki yi haka? Wane mahaukaci ne ya ce ki yi haka?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ke kika ce, Iya."

"Ni?"

"Kika riƙe hannuna a bayan ɗakin nan kika ce kada in bari ya ƙare. Kika ce ranar da ya ƙare ciwo zai tashi. Kika ce ba ki san ranar dawowarki ba. To abin da ba a so ya ƙare, kuma ba a san ranar samun wani ba, ya ake yi da shi? Ni abin da na iya ke nan."

Shekara nawa ina zagin masu alƙalami, ga shi 'yar ruga ta ɗaure ni da igiyata. Duk macen da ta taɓa ganin ƙasan rumbu, abin da za ta yi ke nan. Ni kaina da aka ba ni, da ban zauna gaban Malama ba, abin da zan yi ke nan. Maganar da ya kamata in faɗa mata ita ce ta sha cikakkiya kullum, in ta ga saura na sati biyu ban zo ba ta nemi kowane asibiti ta nuna katinta na karɓar magani, ko ta aiko. Na tsorata ta da ƙarewa, ban gaya mata abin yi ba. Wannan kuskuren nawa ne, kuma a rubuta shi da sunana.

Na ɗauki cikakkiya ɗaya na ce haɗiye. Ta haɗiye. Na ce ɗaure kayanki, da ke zan koma.

A nan aka yi ta. Inna Hawwa ta ce ina, a gidansu ba a taɓa kai mace gari haihuwa ba, ita tara ta haifa a bayan garke ba wanda ya ji tarinta. "Ki kai ta cikin Haɓe a buɗe ta a gaban maza? Sale ya dawo in ce masa mi?"

Asirin ba nawa ba ne, ba ni da ikon buɗe shi. Ƙarya kuma ba na yi wa sa'ata. Na ce, "Hawwa, shekara nawa kika san ni da yankan cibi?"

Ta ce, "Tun kina da haƙora."

Na ce, "To na duba yarinyar nan, cikin nan ba na gida ba ne. Biyu kun binne. In kina son ki goya na uku, ba ni ita. A ɗakina za ta zauna, ba a ɗakin Haɓen da ba ki sani ba."

Ta daɗe tana tsinke ganyen tafasa. Can ta ce, "Kaɗon da na sani ma Kaɗo ne." Amma ta tashi ta shiga ta ɗauro wa Dije ɗan man shanun da ya rage musu.

Da na juye robobin a teburin Malama, ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ware rababbun gefe ta ce waɗannan an gama da su. Ta ɗebi jinin Dije aka aika. Da sakamako ya dawo ta ce ciwon da a da ake nema a rasa, yanzu ya ɗago kai. Na ce ɗan fa? Ta ce ba wanda zai iya faɗa sai ya fito. Na ce bijimin ya koyi ƙullin? Ta ce wannan ma sai an sake gwadawa. "Saura wata biyu ta haihu, Iya. Kullum a gabanki za ta sha. Ba ta ce ta sha ba, ki gani da idonki."

Haka muka yi. Kowace asuba bayan mun idar da salla, ni da ita da moɗar ruwa. Ta haɗiye, in ce buɗe baki, ta buɗe, tana ƙunƙuni da Fillanci, ni kuma ina jin Fillancin sarai ina yi kamar ban ji ba. Abinci babu yawa a gidana ma, ta ce maganin yana sa ta yunwa, na ce Malama ta ce ko da ciki ba komai a sha, yunwa ba ta hana shi aiki. Wata rana na kama ta tana gatsar farar ƙasa irin ta masu ciki, na fizge, don an gaya mini ita da wasu magungunan suna riƙe maganin ciwon nan a ciki su hana shi shiga jiki. Ko maganin ƙarin jini sai da Malama ta tsara mana yadda za a sha shi. Ta ce, "Iya, ke ko uwar miji ba ta kai ki ba." Na ce uwar miji tsimi ta koya maki, ni ɓarna zan koya maki, sha ki ƙarar.

Ana saura kwanaki ta haihu aka sake gwada jinin. Malama ta ce ya kwanta, igiyar tana nan da ƙarfinta, Allah ya rufa asiri. Amma ta ce watannin da aka yi a sake ba wanda ya san abin da ya faru a cikinsu.

Da hantsi ta haihu, a asibiti, namiji. Ni da na yanke cibi ba adadi, ranar riƙon zane kawai na yi. Tun ranar aka fara ɗiga masa nasa maganin na ruwa da ɗan sirinji, aka nuna mini layin da zan tsaya a kai, na ɗaura zare a wurin. Aka ce nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba shi.

Kafin suna sai ga Inna Hawwa, ita da sauran mutanen rugar, mutanen daji sun tashe su, sun sauka a wani kango a gefen gari. Ta zo da sassaƙe a ƙulle da ƙoƙon bauri za ta ɗura wa jariri. Na tare ƙofa.

Ta ce, "Tabawa, jikana ne ko naki?"

Na ce, "Naki ne. Amma bakinsa nawa ne har wata shida."

"Yaron da ba a yi wa bauri ba, da mi zai yi ƙwari?"

"Biyun da aka yi wa, ina ƙwarinsu?"

Maganar ta yi nauyi, na sani, ta fito ne kafin in kama ta. Tsohuwa ta tsaya da ƙoƙo a hannu. Can ta zubar da shi a gindin katanga, ta matso kusa da ni ta rage murya. Ta ce, "Farar robar da kike ɓoyewa ƙarƙashin daddawa, ɗana ma yana da irinta. Na daɗe da gani a jakarsa. Mu ba mu tambaya ne, ba makanta gare mu ba." Na ce to tunda kina gani, zo ki ga yadda ake ɗiga wannan. Daga ranar mu biyu muke tsaron bakin yaro, muna faɗa a kan komai ban da shi. Aka sa masa suna Umaru, Dije ta koma kangon wurin uwar mijinta.

Yana sati shida aka tsaga masa dunduniya aka ɗiga jini a takarda. Muka jira. Aka ce babu. Dije za ta yi guɗa Malama ta ce ta dakata, muddin yana shan nono ba a gama ba, hukuncin ƙarshe sai bayan yaye. Ku da kuke cewa miƙa roba ne, ku lissafa asubahi nawa ke tsakanin sati shida da yaye. Kowace ɗaya sai na taka zuwa kangon nan. Damina ta zo ta wuce, ƙafata ta kumbura ta saɓe, Sale ya dawo da abin da ya rage na shanu, yaro ya yi rarrafe, ya miƙe, ya fara jan kwandona yana satar kuɓewa. Aka yaye shi. Aka jira kwanakin da Malama ta ce a jira. Aka kai shi.

Ranar mu huɗu muka shiga, ni da Dije da Inna Hawwa da shi, don a lokacin hanya ta ɗan buɗe, sun ɗaure kaya za su koma ruga, mota tana jira a bakin kasuwa. Aka soki yatsansa ya tsala ihu, aka ɗiga a ɗan abin gwaji, aka aje a tebur. Ni ban iya karatu ba, amma wannan na iya, layi ɗaya ko layi biyu. Ban duba ba. Fuskar Malama na duba. Ta daɗe tana kallon agogo, ta duba abin, ta sake dubawa, sannan ta ce, "Dije, ɗanki ba shi da shi. An gama."

Inna Hawwa ta zauna a ƙasa, a tsakiyar ofis, ta ja mayafi ta rufe fuska. Dije ta ɗauki yaron ta goya, ta kwance, ta sake goyawa.

Malama ta jawo robobi uku ta karanta suna, na ɗaura zare, ta tura mata. Ta ce, "Shi an gama. Ke ba a gama ba, har iyakar rai. Na wata uku ne."

Dije ta ɗauka ta jinjina su a tafin hannu, kamar mai auna gero a kasuwa. Ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Iya, wannan in an iya riƙo, ai sai ya kai mu kaka."

Sandata ta tashi sama ban san na ɗaga ba. Yarinya ta yi waje da gudu da goyo tana ƙyalƙyala dariya, uwar mijin tana dariya a cikin mayafi, har Malama Rabi da ba ta dariya sai da na ga haƙorinta. Ta ce, "Haba Iya, wasa take yi maki."

Na ce na sani. Na ɗauki kwandona na bi su bakin kasuwa, na ce wa direba ya matsar mini da buhun nan, da ni za a tafi.